Littattafan da Na Ɓoye a Silin

Ni ba ma'aikacin laburare ba ne mai takarda. Firamare kawai na gama, mahaifina ya rasu, karatu ya tsaya nan. Masinja aka ɗauke ni: in kaɗe ƙura, in mayar da littafi mazauninsa, in kai wasiƙa sakatariya a keke. Amma shekara da shekaru, duk wanda ya shigo laburarenmu na Jalingo da tambaya a bakinsa, ni ake nuna masa. Sai an san wannan kafin a gane abin da na yi wa Malama.

Da aka yanka mana jiha, Jalingo ta zama hedikwata, sai rabonmu na kayan laburare ya zo daga Yola a bayan wata tsohuwar gingimari. Littattafai masu kauri an yi musu kati tun can, suka hau kanta, katinsu ya shiga durowa. Sauran kuwa kwalaye ne, na sabulu, na madara, an ɗaure da igiya. A ciki ƙananan takardun malaman gona ne, da na likitocin dabbobi, da tsofaffin rahotannin en'e, da taswirori. Ba kati, ba lamba, ba wanda ya san abin da ke ciki. Oganmu na lokacin ya leƙa kwali ɗaya, ya yi atishawa, ya ce a kai sito. Ni na ɗauka a kaina, ni na jera, kuma da yake babu abin yi da rana tsaka, ni na zauna na buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Turancina na kame-kame ne. Amma akwai hoto, akwai kanun magana, wasu ma da Hausa aka rubuta su, wasu da Fulatanci. Na daɗe ina jujjuya su har na san su kamar yadda mace ta san kwanukan ɗakinta. Ban san yadda masu ilimi suke raba takardu ba, saboda haka na raba su bisa mutanen da ke zuwa nema. Akwai kwalin makiyaya. Akwai na masu rigimar gona. Akwai na masu neman aiki, na mata masu sana'a, na 'yan kwangila, har da na malaman makaranta da aka ce su kawo tarihin garinsu kafin Litinin.

Da ka shigo ƙofa akwai tebur da muke kira refarens, wato inda ake kawo tambaya. Kujerar teburin ba tawa ba ce, ta mai digiri ce, kuma ta daɗe babu kowa a kanta. Ni benci gare ni a gefe, da randa. Abin da na koya a bencin nan shi ne mutum ba ya faɗin abin da ya kawo shi a karon farko. Zai ce yana son littafin noma. In ka ɗauko masa littafin noma, zai jujjuya shi, ya yi godiya, ya tafi, bai samu komai ba. Sai ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka tambayi hanya, ka tambayi gida. Can zai ce wake ne. Ka sake yin shiru, sai ya ce ai ba noman ba ne, ƙwari ne ke cinye masa shi a rumbu, tun daga Mutum Biyu ya taso. To, yanzu ka ji tambaya.

Duk wadda na ji, in mai ita ya tafi, sai in sa ta a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Hagu, tambayar yadda ya faɗe ta da bakinsa. Dama, inda amsar take: kwali kaza, can ƙasa, mai koren bango, shafin da ke da hoton rumbu. In ina sauri in yi da ajami, in da sarari in yi da boko. Kafin Malama ta zo na cika littafi huɗu.

Malama 'yar Sintali ce, iyayenta 'yan kasuwa ne asalin Zariya, ta yi karatun aikin laburare har digiri. Ranar da aka kawo ta aka ce ga mai teburin refarens, na ɗauki bencina zan fita da shi.

Ta ce, "Malam, ina za ka kai shi?"

Na ce waje.

"Bar shi nan. An ce mini in na rasa hanya kai zan tambaya. Yaya zan tambayi mutumin da ke waje?"

Na girme ta da kusan shekara goma. Tana ce mini Malam, ina ce mata Malama, muka tafi a haka. Ba ta da girman kai, wannan na shaida. Sati biyu na farko ba ta yi komai ba sai kallona. In mutum ya shigo, ta tsaya ta ga yadda nake jan bakinsa. Wata rana ta ce, "Ka san wannan abin da kake yi, mu sai da muka yi zango guda ana koya mana shi a aji, har da jarrabawa?"

Na ce, "Har da ba da ruwan?"

Ta ce, "Ban da ruwan. Shi ya sa namu ba ya ci."

Abin da ta iya ni ban iya ba. Manyan kundayen nan na Turanci, ta san wanda za ta ciro tun mutum bai rufe baki ba. Ɗaliban kwaleji suna wurinta, mutanen ƙauye suna wurina. Mun yi shekara biyu lafiya lau.

Sai kwamfuta ta zo, ana tsakiyar shekarun nan na mulkin soja. Wata ƙungiya ce mai taimaka wa laburarori ta kawo. Aka share mata ɗaki, aka sa mata fanka, aka ɗinka mata riga da yadin labule. Oga ya ce ba mai shiga da takalmi. Ta zo da wasu faifai masu sheƙi, aka ce kowane ɗaya yana ɗauke da abin da ya fi kantocinmu duka. Na riƙe ɗaya a hannu, na ga fuskata a ciki, na mayar.

Ba kyauta aka ba mu ba, da sharaɗi. Za a tura mai teburin refarens kwas, zuwa uku, kowane zuwa sati biyu. Tsakanin zuwa da zuwa za ta zuba wa na'urar wani abu na gida, wanda babu shi a faifan Turawa. A ƙarshe malamin kwas ɗin zai zagayo da kansa. Inda ya ga na'ura tana amsa tambayar mutanen wurin, a bar musu ita, a ba ma'aikaciyar shaidar cin kwas. Inda ya ga tana zaune cikin riga, a ɗauke ta a kai wani wuri. Oga ya karanta mana wasiƙar a tsaye, kowa ya ji da kunnensa.

Malama ta dawo daga zuwan farko idanunta jajir saboda kallon gilashi. Ba ta zauna a kujerarta ba, ta zo ƙarshen bencina.

"Malam, ka san abin da na koyo? Wannan abar ba ta san komai ba."

Na ce, "To me ya sa muke cire mata takalmi?"

"Wallahi ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. Kuma ba a yi mata magana kamar mutum. Sai ka tsinci kalma biyu ko uku daga cikin tambayar ka ba ta, ita kuma ta kwaso duk inda kalmar ta fito. In ka ba ta kalmar banza, ta kwaso maka banza buhu guda. Malaminmu ya ce mai zama a teburin nan gobe sai ya iya tambayar mutum, kuma ya iya tambayar na'ura. Ni ana koya mini ta biyun. Ta farkon tana cikin littattafanka."

Ta ce tana so in ba ta su huɗun. Za mu zauna tare, ni ina karanto mata, musamman ajamin da hannuna ya murɗe, ita tana bugawa. In an gama, ko wa ya zauna a teburin, ya buga wake da ƙwari, na'ura ta ce masa kwali kaza, mai koren bango.

Ko wa ya zauna a teburin. Ita da murna ta faɗa, ni kuwa makomar bencina na hango. Na ce bari in duba su, wasu suna gida.

Abokin cin abincina shi ne mai buga tafireta na ofis, wani Bamumuye mai barkwanci, mun daɗe tare. Lokacin ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata, kuma kowa ya san daga ƙasa ake farawa. Muna cin doya a rumfar wata mata a bayan ofis na ba shi labari. Ya ajiye cokali.

"Kai, kai wawa ne? Wannan kwamfuta, shi ya riga ya ci nawa aiki. Wasiƙa da nake buga sau uku da kabon, shi sau ɗaya ya gama. Ni na ƙare, takarda kawai nake jira. Kai naka yana cikin kai, ba wanda ya iya taɓawa, kuma za ka ɗauka da hannunka ka zuba masa? In sun gama tatsar ka, ciyawa za su ci gaba da ba ka?"

Ba zan ɗora masa laifi ba. Abin da ke raina ya faɗa da ƙarfi. Ina da mata da 'ya'ya biyar, ba takarda, ba gona a kusa. Abin da na mallaka a duniya shi ne in an rasa abu a ce a kira Malam.

Ranar Alhamis da la'asar, bayan an tashi, na shiga sito na taka kwali. Akwai wani allon silin da ya ɗage a kusurwar gabas. Na naɗe littattafan a tsohuwar jarida na tura su ciki. Ban kai su gida ba don matata za ta tambaya, ita kuwa ba na iya yi mata ƙarya ta zauna. Ranar Litinin na ce wa Malama yara sun samu littattafan a gida sun yayyaga.

Ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma na ji kallon. Ta ce, "Duka huɗun?"

Na ce duka.

"Allah ya shirya mana su. To, ai kai yara ba su yaga ka ba. Sai ka faɗa mini da baki."

Na faɗa mata da baki, amma da cokali nake ba ta. In ta tambayi kwalin makiyaya, in ce sai na tuna. In ta matsa, in ce Oga ya aike ni. Ba ta kai ƙarata ba ko sau ɗaya. Sai ta shiga siton da kanta, ta ɗaure hanci da gefen gyale, tana ciro takarda ɗaya-ɗaya, tana karantawa, tana rubuta abin da ke ciki. Da kwalin mata masu sana'a ta fara, sannan na masu neman aiki, don su ne a bakin ƙofa. Ina jin tarinta daga benci. Wani lokaci wuta ta ɗauke tana tsakiyar bugawa, aikin wuni ya tafi, ta dafe kai, gobe ta sake. Watanni ta yi, kwali biyu ta gama. Da littattafan nan suna gabanta, ni ina gefenta, da mun ci fiye da rabin siton.

Kafin zuwa na uku ta zo mini da wata magana. Ta roƙi malaminsu, ya yarda kowa ya zo da mataimaki ɗaya a satin ƙarshe, ko da ba shi da takarda. Ta riga ta ba da sunana.

"Kwana biyar ne, Malam. Ka koyi kunna ta, ka koyi ba ta kalma. Wanda ya iya jan bakin mutumin daji har ya faɗi abin da ya kawo shi, wannan ba za ta gagare shi ba."

Na ce, "Ni da furfura ta fara fito mini, in je in zauna cikin masu digiri ina neman harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba?"

"Duk da yatsa ɗaya muka fara. Akwai wani babban darakta a ajinmu, abin nan na kwamfuta da ake kira ɓera har yau da hannu biyu yake riƙe shi, kamar zai gudu."

Na yi dariya, amma na ce matata ba ta da lafiya. Lafiyarta ƙalau. Wannan ƙaryar ta fi ta farko sauƙin fita. Malama ta tafi ita kaɗai.

Malamin kwas ɗin ya zo wata Talata da bazara, zafi kamar me. Dakta suke ce masa, siriri, mai magana a hankali. Oga ya sa babbar riga, an aro janareto don kada wuta ta ba mu kunya. Malama ta sa faifai ta nemo wa wani ɗalibin kwaleji abu a kan zazzaɓin cizon sauro, ya fito tiryan-tiryan. Ta nuna kwalayenta biyu a cikin na'ura. Dakta ya gyaɗa kai. Sai ya ce shi ba zai ciro tambaya daga aljihunsa ba, zai zauna ya jira duk wanda Allah ya kawo.

Allah ya kawo wani dattijo, makiyayi daga wajen Sunkani, da sanda da malfa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce an ce masa nan ake ajiye takardar shanu.

Ina kan benci. Malama ta tashi ta tarbe shi, ta zaunar da shi, ta ɗebo masa ruwa a randata. Ta gaishe shi da Fulatancinta na 'yan Sintali, ta tambayi hanya, ta tambayi garke. Ba ta yi gaggawa ba, ga Dakta zaune yana kallo. Ta ce, "Baba, ciwo ne ya shiga shanun?" Ya ce a'a, lafiyarsu lau. Ta yi shiru. Can ya ce hanya ce. Burtalin da suke bi zuwa ruwa tun zamanin mahaifinsa, bana wani ya share shi ya kafa turaku zai yi gona, ya ce ba a taɓa yin hanya a wurin ba. Jibi za a zauna gaban hakimi. An ce masa Turawa sun taɓa zana hanyoyin shanu a takarda.

Da kyau ta yi. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ban san daɗi na ji ko haushi ba.

Ta shiga ɗakin na'ura muka bi ta. Dattijon ya ga takalma a ƙofa, ya cire nasa. Ta buga kalma, faifan ya kawo mata shanun ƙasashen da ba mu taɓa ji ba. Ta canza kalma, ya kawo hanyoyin mota. Ta koma jerinta na gida, ta buga burtali, ta buga Sunkani. Babu. Ai ba za a samu ba, kwalayenta na mata ne da na masu neman aiki.

Ni kuwa na san inda takardar take. Kwalin masu rigimar gona, can ƙasa, cikin wani fayil mai ruwan ƙasa da ɓera ya ci gefensa. Taswira ce mai ninki huɗu, da jan layi, da rahoton wani jami'in en'e a manne. Tana cikin littafina na biyu, don an taɓa nemanta.

Malama ta juyo. "Malam, ko ka san wani abu a kan wannan?"

Na ce, "Ai yanzu na'ura ake tambaya, Malama."

A gaban Oga na faɗa, a gaban baƙo. Malama ta juya ta sake bugawa. Dakta ya buɗe littafinsa ya fara rubutu. Dattijon ya dafa sanda zai miƙe, yana cewa ba komai, useko, wato godiya da Fulatanci, Allah ya saka da alheri.

Da na tsaya a nan, da mugunta ɗaya na yi. Sai na ce masa, "Baba, dakata." Na tafi sito, kafin a ce me na dawo da fayil ɗin. Kuma ban miƙa wa Malama ba. A gaban Dakta na shimfiɗa taswirar, na sa yatsa a kan jan layin, na ce ga burtalin, ga rafin. Dattijon ya sunkuya yana bin layin da farce, yana kiran sunayen wurare, yana cewa nan ne, wallahi nan ne. Oga ya washe baki ya ce ai wannan masinjan namu kwamfuta ne da kansa. Gara in faɗi gaskiya, na ji daɗin maganar har cikin ƙashina.

Dakta bai yi dariya ba. Ya tambayi Malama ko taswirar tana cikin jerinta. Ta ce a'a. Ya tambayi kwali nawa ta shigar. Ta ce biyu.

Ya ce, "Me ya hana, ga mutum a gefenki da ya san su haka?"

Na tsaya ina jira ta faɗa. Tana da abin faɗa, har da ƙari.

Ta ce, "Ban kai wurin ba ne tukuna, Dakta. Laifina ne, na fara ta inda bai kamata ba."

Ita ta raka dattijon inda ake hoton takarda a bakin kasuwa, cikin ranar nan, ta dawo da shi ta sa Oga ya buga masa hatimi. Ni ban ma tuna cewa yana bukatar abin da zai riƙe a hannu gaban hakimi ba. Hankalina yana kan fuskar Dakta.

Wasiƙa ta zo bayan wata guda. An yaba wa laburaren kan yadda ake karɓar jama'a. Amma an ce na'urar ba ta shiga aikin teburin ba, sanin wurin duk yana kan mutum ɗaya. Aka ɗauke na'urar da rigarta da faifanta, aka kai wani ofis, inda na ji wasiƙu kawai take bugawa. Malama takardar halarta aka ba ta, ba ta cin kwas ba. Waɗanda suka ci an ci gaba da kiransu wasu kwasa-kwasan, lokacin da aka fara maganar haɗa na'ura da waya a aika saƙo. Ita ba a sake kiranta ba.

Ba ta canza mini fuska ba. Da ta yi, da na samu abin riƙewa. Ta nemi canji zuwa laburaren wata makaranta a wani gari, aka ba ta ana shirin shiga damina. Ranar da za ta tafi ta miƙo mini wata doguwar takarda mai huji-huji a gefe, irin wadda na'urar ke fitarwa. Jerin kwalayen nan biyu ne, ta buga kafin a ɗauke na'urar, kwafi ɗaya nawa, ɗaya ta bari a durowar tebur. A saman shafin farko ta sa sunana, cewa ni na tattara na raba, ita shigarwa kawai ta yi. Ta ɗauki jakarta, ta kai ƙofa, ta juyo.

"Malam, silin ɗin sito yana yoyo ta kusurwar gabas. In akwai abin da ke ciki, a sauke shi kafin ruwa ya sauka."

Na ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Watanni ta yi a siton nan ita kaɗai, allon da ya ɗage yana saman kanta, gefen jarida yana leƙowa. Taka kwali kawai za ta yi ta miƙa hannu. Ba ta taɓa ba.

Abin da har yau ban iya bayyana wa kowa ba shi ne ban sauke su ba. Kullum da safe in shiga sito, in ɗaga kai, in fita. Gani nake in na sauke su na amsa ke nan, ko da babu mai gani. Damina ta zo ta wuce, ta biyu ma haka. Na ce wa kaina ai duk suna cikin kaina, me zan yi da takarda. Ranar da na taka kwali na zura hannu, abin da na ciro wani dunƙule ne na laka da gara, ya marmashe a tafina. Ko shafi ɗaya ban samu ba.

Rage ma'aikatan ya zo. Ya ɗauki mai tafireta kamar yadda ya faɗa, ni ya tsallake ni. Wato dabarata ta ci, in ana so a ce haka. Na riƙe bencina.

Daga baya aka yi mini aiki a ciki, wata biyu ban taka ofis ba. A cikinsu aka kawo sabon Oga, yana son siton ya zama ofis. Ya ce a kawo masa rajistar abin da ke ciki. Babu rajista, sai doguwar takardar Malama da ke durowa. Ya ce abin da ke cikin jeri kayan gwamnati ne, a ajiye. Abin da ba ya cikin jeri tarkace ne. Ba mugun mutum ba ne, ƙa'ida ya bi, kuma babu wanda zai ce masa ga abin da ke cikin kwalayen, tunda mai sanin yana kwance. Da na dawo, kwali biyu na tarar a bayan kanta, na mata masu sana'a da na masu neman aiki. Sauran an ƙone wasu a bayan gini, wasu masu ƙosai sun kwashe. Na je bayan ginin na tona tokar da sanda, ban san me nake nema ba.

Ban sake ganin Malama ba. Sau biyu na fara rubuta mata wasiƙa, in na gama gaisuwa sai in rasa abin sawa. Doguwar takardar tana ƙasan akwatina, rubutun ya dushe, sunana da ƙyar ake ganinsa.

Ba a daɗe da share siton ba wani magidanci ya shigo, shi ma daga wajen Sunkani, ya ce takardar shanu yake nema. Na zaunar da shi, na ba shi ruwa, na tambayi hanya. Tun magana ta biyu na san abin da ya kawo shi, amma na bar shi ya kai ƙarshe. Wani reshen burtalin ne, wata gonar ce, zama gaban hakimi sati mai zuwa. Ya ce wani tsoho a wajensu ya taɓa samun taswira a nan, amma tasa ruwa ya ci ta a ruga.

Na ce masa da akwai.

Ya ce, "Yanzu fa?"

Na ce babu.

"Ko a kwamfuta? An ce yanzu komai yana cikin kwamfuta."

Na ce wannan ba a zuba ta ba.

Ya ce, "To wa ya kamata ya zuba?"

Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi bencina da tsintsiyar da ke jingine a bango, ya ɗauka wasa nake yi. Ya yi dariya, ya miƙo mini moɗar, ya ɗauki sandarsa.